Kachala da Dattin Kano: Tarihin Tace Ruwa a Fadamar Baturiya

Tun kafin a san injiniya a ƙasar Haɗeja, fadamar Baturiya ke yin aikin da a yau ake kashe maƙudan kuɗi domin gina masa matatu. Idan damina ta kankama, kogin Haɗeja kan tumbatsa ya malale a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai gudun ruwan ya ragu, laka da yashi su kwanta. Wannan kwantarwa ita ce matakin farko a kowace matatar ruwan datti. Mataki na biyu kuwa aikin ƙwayoyin halitta ne waɗanda ido ba ya gani: suna maƙale a saiwoyin ciyayi, suna cinye ƙazantar da ta narke muddin suna samun iska. Rani na zuwa ƙasa ta bushe ta tsattsage, rana ta ƙarasa sauran aikin.

Masana sun daɗe kafin su kwaikwayi wannan tsari. A 1914 Ardern da Lockett suka nuna a Manchesta ta Ingila cewa idan aka busa iska cikin ruwan datti, aka kuma mayar masa da lakar da ta kwanta, wadda ke cike da ƙwayoyin, ruwan kan tsarkaka cikin sa'o'i maimakon makonni. A shekarun 1950 kuma Käthe Seidel ta fara gwada tace ruwa da ciyayin fadama a Jamus.

A daidai zamanin da duniya ke koyon darasin fadama ne aka jirkita tamu. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani. Bushewar da ke hana kachala yaɗuwa ta kau, ciyawar ta mamaye magudanai, laka ta toshe su, gonaki da wuraren su suka salwanta, tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi suka samu mafaka. Abin mamakin, kachalar nan tana cikin ciyayin da injiniyoyi ke shukawa da gangan a matatun fadama. Bambancin shi ne a can ana auna ruwan da ke shiga, ana yanke ciyawar, ana kwashe laka.

Akwai kuma dattin da ƙwayoyin halitta ba sa iya cinyewa. Majemun zamani na unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa a Kano suna amfani da sinadarin kromiyam, ƙarfe ne da ba ya ruɓewa. Idan ba a kwantar da shi a masana'anta ba, sai ya bi kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya zauna cikin laka.

A 2008 aka sanya Baturiya cikin fadamun yarjejeniyar Ramsar masu muhimmanci ga duniya. Karramawa ce da ta cancanta, sai dai makullin madatsun da bututun majemun duk suna can sama, a Jihar Kano.