Man birki: Yadda ake zaɓensa da lokacin canza shi

Man birki shi ne ke kai ƙarfin ƙafar direba zuwa tayoyin mota. Idan aka taka birki, masta na tura man ta cikin siraran bututai zuwa ƙafafun motar huɗu, inda yake matse fad a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Tsarin na aiki ne saboda ruwa ba ya matsuwa, saɓanin iska ko tururi.

Lambobin da ake gani a jikin gwangwani, wato DOT 3, DOT 4, DOT 5 da DOT 5.1, sun samo asali ne daga ma'aunin Ma'aikatar Sufuri ta Amurka. Babban abin da suke nunawa shi ne zafin da man zai jure kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 dole ya jure aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 digiri 230, sai DOT 5 da DOT 5.1 digiri 260.

Sai dai wannan juriya ba ta ɗorewa. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 duk suna zuƙar danshi daga iska sannu a hankali, ko da motar a ajiye take. Idan ruwan da ke cikin man ya haura kashi uku cikin ɗari, ma'aunin DOT 3 na sauka zuwa digiri 140, na DOT 4 kuma zuwa 155. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo da ke Jihar Filato, inda direba ke riƙe birki na tsawon lokaci, zafi na iya tafasa irin wannan man. Da zarar tururi ya taru a bututu, feda za ta yi laushi, har ta nutse ƙasa motar ba ta tsaya ba. Haka kuma ruwan na jawo tsatsa a cikin masta da na'urar ABS, wadda gyaranta ke da tsada.

Wannan ne ya sa kamfanonin ƙera motoci da dama ke cewa a canza man duk bayan shekara biyu, ko da bai ragu ba. A garuruwa masu yawan danshi kamar Legas da Fatakwal, bai kamata a wuce wannan wa'adi ba.

Wajen zaɓi, a duba murfin tankin man birki ko littafin motar, domin a nan ake rubuta nau'in da ya dace. Motar da aka rubuta mata DOT 3 na iya karɓar DOT 4, amma ba a komawa ƙasa. DOT 5 kuwa, duk da kamancin suna, da silikon ake yin sa, launinsa shunayya ne, ba a haɗa shi da sauran, kuma bai dace da motoci masu ABS ba. Man inji, man giya ko ruwan sabulu da wasu ke zubawa idan sun maƙale a hanya na lalata robobin birki ko su jawo tsatsa. A sayi gwangwanin da ba a ɓalle hatiminsa ba, domin wanda ya daɗe a buɗe ya riga ya sha danshi.

Ƙara mai a tanki ba canji ba ne. Bakanike zai zuƙe tsohon man, ya cika tankin da sabo, sannan ya buɗe ɗan ƙusan fitar da iska na kowace ƙafa, galibi daga wadda ta fi nisa da masta, har sai mai garau ya fito ba kumfa. Kada a bar tankin ya ƙafe yayin aikin, in ba haka ba iska za ta shiga. Idan man ya ɗiga a jikin mota a wanke da ruwa nan take, don yana cin fenti.

Raguwar mai kaɗan-kaɗan na nuna fad ya cinye. Idan kuwa ya ragu cikin ƴan kwanaki, to akwai yoyo, kuma bai kamata motar ta hau titi ba sai an gano inda yake.