Surame: Duwatsun Kanta da Ke Jiran Mai Tsinta

A babbar majami'ar Durham da ke arewacin Ingila, wadda aka aza harsashinta a 1093, an jera gutsattsarin duwatsu masu sassaƙa: kan gicciye da ya karye, murfin kabari, ɓallin ginshiƙi. Da yawansu sun girmi majami'ar. A ƙarni na 19 aka zaƙulo su daga bangon tsofaffin coci-coci, inda magina suka cusa su a matsayin ciko. Yau da su masana ke gane sana'a da addinin mutanen wancan zamani.

Mu ma muna da irin wannan gado. A 1939 an gano duwatsun kaburburan sarakuna a Saney, kusa da birnin Gao da ke bakin kogin Kwara. Wasu na marmara ne, an sassaƙa su da rubutun Kufi a Almeriya ta Andalus, ɗaya na ɗauke da shekarar 494 Hijira, wato 1100. Dutse ɗaya ya tabbatar da cewa sarakunan bakin Kwara na hulɗa da Andalus shekaru 900 da suka wuce.

Mazaunin Sakkwato kuwa ba sai ya yi nisa ba. Yamma da birnin, a yankin Binji, kufan Surame na nan. Muhammadu Kanta ya kafa shi a farkon ƙarni na 16, lokacin da ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai ya tsayar da daular Kabi. Garuruwan Hausa da ƙasa suka saba gina ganuwa. Surame kuwa da dutse. An ɗora duwatsu sahu-sahu, an liƙe su da jar ƙasa, har yanzu ana ganin sawun ƙofofi da unguwanni cikin ƙaya da sabara.

Ruwayar baka ta ce da mayaƙan Barno suka kewaye birnin, Kanta ya jingina gawarwaki a kan ganuwa, bakunansu a yage kamar masu dariya, har maharan suka karaya. Daga nan ake danganta karin maganar "dariya ba loto".

A farkon ƙarni na 18 Kabawa suka bar Surame, suka koma Birnin Kabi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci kufan a littafinsa Infaƙul Maisuri cikin mamakin ƙarfin gininsa. Gwamnati ta ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 1964, ya shiga jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO a 2007.

Sakkwatawa sun iya adana takarda, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu shaida ce. Dutse ma na buƙatar wannan kulawa, domin kowace damina tana zubar da wani sashe na ganuwar. A auna abin da ya rage, a ɗauki hotonsa, a ba kowane ɓalli lamba, sannan makarantun Sakkwato su riƙa kai ɗalibai su ga aikin kakanninsu da idonsu.