Gidanmu na Cikin Ganuwa

Ranar da Yaya zai kwashe iyalinsa zuwa sabon gidan da ya gina a Rijiyar Zaki, sai da ya durƙusa gaban Gwaggo a tsakar gida yana roƙon ta bi shi. Ya ware mata ɗaki ciki da falo, ga rijiyar burtsatse, ga mota tana isa har bakin ƙofa. Ta bari ya gama, ta sa masa albarka, sannan ta ce ita kam ta zauren nan za a fitar da gawarta, kamar yadda aka fitar da ta mahaifinta. Gidan namu yana wani lungu ne a bayan Kasuwar Kurmi, inda ko adaidaita sahu ba ta iya kutsawa. Ina tsaye a bakin rijiya ina jin su, na kuwa rasa wanda zan ba gaskiya.

Wannan jayayya ta zama ko tashi sabuwa ce a Kano. A da, neman shiga birni ake yi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fada, ya kafa Kasuwar Kurmi. Wanda yake ciki idan an rufe ƙofa da dare ya kwana da kwanciyar hankali. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi. Baƙi ne suka sauke kaya, zama ya yi daɗi, jikokinsu suka zama Kanawa. Matsi kuwa babu shi. Da Bajamushen nan Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin kimanin dubu 30, kuma ya tarar da gonaki da filaye masu faɗi a cikin ganuwa.

Masu fita a wancan zamani fatake ne. Kakan Gwaggo yana cikin masu bin madugu zuwa Gwanja, su ɗora wa jakuna kanwa da tufafin rini, su shafe watanni, su dawo da goro. Tafiya ce mai ranar dawowa, ɗakin mutum yana nan a rufe yana jiransa. Ko a yaƙin basasa na 1893, da Yusufawa suka fice suka yi sansani a Takai, birnin suke hange, suka kuma komo da Aliyu Babba a 1894. Fitar da ta zama ta har abada ita ce ta 1903, bayan Turawa sun ci garin, lokacin da wasu suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas. Zuriyar masu wannan hijira suna nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno.

Jirgin ƙasa ne ya fara juya fuskar gari. Dogo ya iso Kano a 1911, tashar kuma a wajen ganuwa take. Turawa suka zauna Nasarawa da Bompai, aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, Fagge ta cika. Kuɗin gyaɗa ya koma can, mutanen birni suka laƙaba wa yankin suna Waje. Duk da haka ɗan birni yakan je Waje ya nemi abinci ne, magariba ta yi masa a unguwarsu. Alhassan Ɗantata, duk da dukiyarsa, a Koki yake zaune har ya rasu a 1955.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma ya shigo a shekarun 1970, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara karɓar fuloti a Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Hotoro, Sharaɗa da Kabuga. Ni ba na zargin kowa a cikinsu, domin na san abin da ya kore su. Gidan da kakanmu ya gina don mata biyu da 'ya'yansu, magidanta shida ne a cikinsa yanzu, bayan gida ɗaya. Ruwa sai an sayi jarka wurin 'yan garuwa. Kududdufan da aka haƙa ƙasar gini daga cikinsu, waɗanda suke shanye ruwan sama, an cike da yawansu an yi gini, saboda haka da damina kwata take shigowa har zaure, katangar ƙasa ta jiƙa ta zube. Uban da yake son 'ya'yansa su sami fili da iska bai yi laifi ba.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma shekaru da yawa Kanawa sun sami dabarar da gida ba zai bar su ba. Yaya yana zuwa kowace Juma'a ya ci tuwon Gwaggo. Sunan 'yarsa a zaurenmu aka raɗa. Da Sallah yaransa nan suke kwana don su kama wuri da wuri ranar Hawan Daushe. Yana iya yin haka ne saboda akwai wadda ta ƙi tashi.

Abin da yake hana ni barci shi ne ranar rabon gado. Na ga yadda ta kaya a gidaje uku a lungunmu: tsohuwa ta rasu, magada suka kira dillali, ɗan kasuwa ya saya ya rushe soro da azararsa, ya zuba sito. 'Ya'yan gidan idan sun zo jana'iza yanzu a ƙofar masallaci suke tsayawa, babu zauren da za su zauna karɓar gaisuwa. Fatake sun yi nisa fiye da Rijiyar Zaki, amma suna da inda za su komo.

Shi ya sa a Sallar da ta wuce na tara 'yan'uwana a ɗakin Gwaggo, na ce mu yi alkawari tun tana raye: wanda zai tashi ya tashi da albarka, amma gidan ba na sayarwa ba ne. Muka yanka wa kowa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Kafin ruwan farko ya sauka mun kira magini ya yi wa zauren sabon yaɓe, ya gyara indararo, Gwaggo kuma tana kan tabarmarta tana nuna masa inda yake yoyo.