Yadda dakwara ta sauya suna a takarda

Itacen da Bahaushe ke kira kuka, Bafulatani ɓokki yake ce masa, mutumin Sudan kuma tabaldi. To, idan masanin Nijar zai rubuta wa na Chadi, da wane suna zai kira shi?

Wanda ya warware wannan matsala shi ne Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin. A littafinsa na 1753 ya ba kowane tsiro suna biyu da harshen Latin: na farko sunan dangi, na biyu sunan shi kansa. A 1758 ya yi wa dabbobi haka. Saniya mai tozo ta zama Bos indicus, marar tozo Bos taurus. Kuka kuwa Adansonia digitata, don girmama Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal.

Amma sunan ba ya zama daram. Idan masana suka gano dangantaka ba yadda aka zata take ba, sai a sauya. Dakwara, wadda ake samun ƙaro a jikinta, Linnaeus ya sa mata Mimosa senegal. A 1806 aka mai da ita Acacia senegal, ta daɗe da wannan suna.

Daga baya bincike ya nuna itatuwan da aka tara ƙarƙashin Acacia ba dangi ɗaya ba ne, dole a raba su. Nan fa gardama ta tashi: wa zai riƙe tsohon suna, Afirka ko Ostareliya? Taron masanan tsirrai na duniya a Biyana, a 2005, ya bar wa Ostareliya, inda irinsu suka fi yawa. Masana da dama sun ƙi yarda, amma taron Melbourne na 2011 ya tabbatar da hukuncin. Shi ke nan dakwara ta koma Senegalia senegal, bagaruwa kuma Vachellia nilotica.

Saboda haka, ɗan kasuwar ƙaro, in ka ga Acacia senegal a wata takarda, Senegalia senegal a wata, kada wani ya ruɗe ka a bakin iyaka cewa kaya iri biyu ne. Itace ɗaya ne, ƙaronsa ɗaya.