Mari: bauta ta tafi, shi bai tafi ba

Jama'a, mari biyu gare mu. Na kunci ana jan wasalinsa, na ƙafa ba a ja. Na ƙafar nake nufi, ƙarfen da maƙera ke yi wa bayi da fursunoni. Ankwa kam baƙuwa ce, Turanci ya ara mana.

Bebeji tana kan hanyar fatake daga Zariya zuwa Kano, bayi ma nan ake bi da su. Turawa sun ci garin a 1903, amma sai 1936 aka soke bauta ɗungum.

To mari fa? Ya koma "gidan mari". A 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane a Rigasa, wasu ɗaure da ƙarfe. Ni dai ban ga tarbiyya a kayan bauta ba.