Yadda Likitoci Suka Gano Cutar AGEP

AGEP cutar fata ce da galibi shan magani ke tayarwa. Ba kasafai ake ganin ta ba, domin a cikin mutum miliyan ɗaya, ɗaya zuwa biyar take kamawa a shekara. Fata takan yi ja ta kumbura, sai ɗaruruwan ƙuraje masu mugunya, ƙanana kamar ƙwayar gero, su feso a fuska da hammata da matsematsi, su bazu a jiki tare da zazzaɓi. Mugunyar kuwa ba ta ɗauke da ƙwayar cuta.

Da can likitoci na lissafa AGEP cikin nau'o'in cutar soriyasis mai mugunya. A 1968, Baker da Ryan na Ingila suka duba marasa lafiya 104, suka ware biyar da ba su taɓa fama da soriyasis ba, waɗanda ƙurajensu suka fito farat ɗaya suka kuma warke da wuri. A 1980 Beylot da abokan aikinta a Faransa suka raɗa wa cutar suna. A 1991 Roujeau ya jagoranci nazarin mutum 63, wanda ya nuna cewa magani ne sanadi a yawancinsu.

Ƙungiyar EuroSCAR ta Turai ta fitar da ma'aunin tantancewa a 2001. Ana ba da maki bisa kamannin ƙurajen, zazzaɓin da ya kai digiri 38, yawan fararen ƙwayoyin jini, da abin da aka gani a ɗan yankin fatar da aka gwada. Binciken ƙungiyar na 2007 ya jera magungunan da suka fi haddasa cutar, ciki har da amoxicillin, pristinamycin, hydroxychloroquine, terbinafine da diltiazem. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta sukan tayar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran kan ɗauki fiye da mako.

Wannan fahimta ta sauya jinya. Matakin farko shi ne dakatar da maganin da ake zargi, sannan a shafa man siteroyid, a sauke zazzaɓi, a sa ido kan hanta da ƙoda, musamman ga tsofaffi. Cikin kwana 15 ƙurajen kan bushe, fatar ta saɓule. Bayan warkewa, gwajin manna magani a bayan majiyyaci na taimakawa wajen gano maganin da ya jawo, domin a rubuta masa ya guje shi har abada.