Majusawan Teku: Sunayen 'Yan Viking da Inda Suke Kai Matafiyi

Baƙon da ya sauka a Gombe yana neman kabarin Buba Yero, sarkin Gombe na farko, in bai ce Gombe Abba ba, sai ya wuni yana kai da komo tsakanin unguwannin Herwagana da Bolari bai dace ba. Garin da muke ciki Gombe Doma ne, wanda fada ta dawo cikinsa a 1919 bayan ta yi 'yan shekaru a Nafada. Tsohon garin yana can ƙasar Dukku. Suna shi ne jagoran mai neman tarihi. Haka abin yake ga 'yan'uwanmu da karatu ko fatauci ke kai su Turai da Turkiyya, waɗanda suka ga 'yan Viking a fim, suke son ganin sawunsu da idonsu. 'Yan Viking ɗin nan sunayensu da yawa, kuma kowane suna wata ƙasa yake nunawa.

Kalmar Viking ta fito daga tsohon harshen mutanen Nowe da Suwidin da Denmak. A bakinsu, wanda ya hau jirgin ruwa ya fita kai hari shi ne mai wannan suna, ita kanta fitar ma haka ake kiranta. Sunan aiki ne ke nan, kuma akasarin mutanen ƙasashen manoma ne da masunta da fatake da ba su taɓa kai hari ba. Masana sun saɓa kan tushen kalmar, amma da yawa suna danganta ta da "vik", wato lungun teku da ya kutsa cikin tudu. Sai a ƙarni na 19 marubutan Turai suka rufa wa al'umma duka wannan suna, aka kuma yanka musu zamani daga harin Lindisfarne na 793 zuwa yaƙin Stamford Bridge na 1066, duka a Ingila.

Waɗanda suka sha wuya a hannunsu ba haka suka riƙa kiransu ba. Mutanen Ingila sun fi ce musu Denawa ko arna. A Faransa kuwa "mutanen arewa" ake ce musu, kuma da sarkin ƙasar ya yanka wa madugunsu Rollo yanki a 911, sunan ya bi ƙasar, ita ce Normandi ta yau. Wanda ya je birnin York na Ingila, ya nemi Jorvik, sunan da suka sa wa garin, don da shi ake kiran gidan tarihin da aka buɗe a 1984 a unguwar Coppergate, inda aka tono gidajensu na katako da takalmansu na fata da matajansu. Ko allunan hanya ma shaida ne, domin garuruwan da sunansu ya ƙare da "by", irin su Derby da Grimsby, daga harshensu suka samo wannan wutsiya, ma'anarta ƙauye ko gona.

Ta gabas sunan ya sake. Waɗanda suka bi kogunan Volga da Dnieper, Rus ake ce musu, sunan da daga baya ya haifi Rasha. Ahmad ibn Fadlan, wakilin halifa al-Muƙtadir, ya bar Bagadaza a 921, ya gamu da su a bakin Volga a 922, ya rubuta yadda suka ƙone gawar wani babbansu a cikin jirginsa. Wasunsu sun zama dogaran sarkin Rum a birnin da kakanninmu ke kira Santambul, su kuma suke ce masa Miklagard, babban birni. Ɗan kasuwar da ya je sarin kaya Istanbul, in ya samu hawa benen Aya Sofiya, akwai wata dangar marmara da wani ya kankare sunansa a kai da haruffansu, ana karanta shi Halfdan.

Sunan da ya fi kusa da mu shi ne wanda Larabawan Andalus suka ba su. A 844, zamanin Abdurrahman na Biyu, jiragensu suka hauro kogin da Larabawa ke kira Wadil Kabir, suka afka wa Ishbiliya, wato Sabil ta ƙasar Sifen, suka yi ɓarna kafin rundunar Ƙurɗuba ta fatattake su. Wajen 859 suka dira a Nakur, gaɓar Maroko. Marubutan tarihi na Larabci suka kira su Majus. Kalmar ta zo a Suratul Hajji, kuma asalinta sunan mabiya tsohon addinin Farisa ne, masu girmama wuta. Da tafiya ta yi nisa, sai ta zama sunan duk wata al'umma da ba Musulmi ba ce, ba kuma ma'abociyar Littafi ba.

A nan ya kamata Bahaushe ya tsaya ya yi nazari. Masana da dama suna ganin daga wannan kalma ce Maguzawa suka samo sunansu, Hausawan nan na ƙauyukan Kano da Katsina da suka daɗe a kan addinin gargajiya. Fassarar da ake yi ita ce, malaman fiƙihu sun san hukuncin Majusawa, cewa ana karɓar jiziya daga gare su a zauna lafiya, sai aka sanya maƙwabta a wannan aji domin a samu hanyar zama tare. Kalma guda ta rufe limamin Farisa, da matuƙin jirgi daga ƙasar ƙanƙara, da manomin dawa na ƙasar Hausa. Babu dangantakar jini ko ta addini a tsakaninsu. Abin da ya haɗa su shi ne idon wanda ya raɗa sunan.

Ba yaƙi kaɗai ya haɗa 'yan Viking da Musulmi ba. Ƙasashen Musulmi suna da suna a bakinsu, Serkland, kuma azurfarsu ce ta ja su gabas. A 1999, a gonar Spillings da ke tsibirin Gotland na Suwidin, aka tono azurfa mai nauyin kusan kilo 67, ciki har da tsabar kuɗi sama da 14,000, mafi yawansu dirhamomin Musulunci. Suna nan a gidan tarihin Visby. Dirhami faifai ne siriri, babu hoton sarki a jikinsa, sai rubutun Kufi: kalmar shahada a tsakiya, sunan garin da aka buga shi da shekarar Hijira kuma sun kewaye baki. Wasu an yanka su gida-gida, domin a sikeli ake auna su. Ɗan Herwagana da ya yi karatun allo zai iya tsayawa gaban gilashin nan ya karanta abin da mai dirhamin, shekara dubu da suka wuce, bai iya karantawa ba.

Sauran abubuwan da suka bari kuma suna da sauƙin samu ga wanda ya riƙe sunayensu: jiragen Skuldelev guda 5 da aka fito da su daga ruwa a 1962 suna Roskilde a Denmak, babban dutsen Jelling kuma, can ƙasar, yana ɗauke da rubutun sarki Harald, wanda laƙabinsa ne Bluetooth ɗin da ke wayar kowa.

Shawarata ga mai tafiya ita ce, duk allon da ya karanta a gidan tarihi, ya tambayi wanda ya raɗa sunan da ke kai, da abin da ya gani har ya raɗa shi. In ya dawo gida, ya yi wa sunayen da muke kiran maƙwabtanmu da su irin wannan tambaya, ya kuma je ya ji daga bakinsu yadda suke kiran kansu.